Mwalimu Anyitike da Murya ta Uku

Kafin masu tsinkar ganyen shayi su goya kwandunansu, Mwalimu Anyitike Mwakalinga, malamin mawaƙanmu, ya riga ya fito. Zai sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya naɗe wuyansa da ɗankwalin marigayiya matarsa, ya ɗauki sandar gora, ya bi gangaren da ke bayan cocinmu na Kisyelo, raɓa tana jiƙa masa wando har gwiwa. Gidajen mawaƙansa yake bi, ɗaya bayan ɗaya. Litinin ta 'yan murya ta ɗaya ce, mata huɗu. Talata ta 'yan murya ta biyu, mata uku. Alhamis tamu ce, 'yan murya ta huɗu, tsofaffi uku masu gurnani daga ƙasa. Laraba kuwa, tun watan jiya, ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

In ya shigo gidanka ba ya doguwar gaisuwa, don ba shi da muryar yin ta. Zai zauna a kan kututture, ya kawo bakinsa kusa da kunnenka, ya raɗa maka kalmomin farko na wata waƙa. Sai ya buga sanda a ƙasa sau uku. Kai kuma ka ɗauka, ka rera naka kason kai kaɗai a tsakar gidanka, kaji na kallonka. Shi idonsa a rufe. In ka kauce, sandar za ta taɓa maka ƙafa. In ka kai ƙarshe lafiya, zai karɓi gasasshiyar ayaba da shayi, ya tashi, ya nufi gida na gaba.

Ranar Lahadin godiyar girbi mai zuwa dattawan ikilisiya za su sallame shi, bayan shekara arba'in da ɗaya yana koyar da mawaƙa. An ce za a ba shi bargo da kujera mai hannu. Aka nemi wanda zai rubuta 'yan kalmomi a kansa, kowa ya noƙe, sai abin ya faɗo kaina, ni Nsajigwa Mwandemele, wanda karatunsa ya tsaya a aji huɗu. Na yi alkawarin shafi ɗaya. Ku yi haƙuri, mutumin ya ƙi shiga shafi ɗaya.

Yaran yanzu ba su san cewa da ƙuruciyarsa jita yake kaɗawa a gidajen rawa na Mbeya ba. Binne mahaifinsa ne ya dawo da shi gida. Yana tsaye a bayan jama'a da wando mai faɗin ƙafa, mawaƙan wancan lokaci suna jan wata waƙa a bakin kabari kamar masu jan gungume a taɓo. Ya daure, ya daure, ya kasa. Sai ya ɗaga murya daga baya ya miƙar musu da ita. Bayan an watse tsohon fastonmu ya kira shi gefe.

"Ɗan Mwakalinga, tun da ka iya, zo ka gyara su. Amma wancan katakon naka ka bar shi a waje."

Ya bar shi. Ya rataye jitar a jikin azarar ɗakinsa, bai sake taɓa ta ba. Daga baya rina suka yi gida a cikinta. In ka sa kunne a jikinta da tsakar rana za ka ji tana nishi a hankali, da murya ɗaya tak, ba ta hawa ba ta sauka. Na sha zuwa gidansa don wannan kawai, ina cewa gaisuwa na zo.

Mwalimu ba ya rubuta waƙa. Kalmomi yakan sa a takarda wani lokaci, amma sautin bai taɓa zama a takarda ba, don bai koyi waɗannan ɗige-ɗigen ba. Zai shiga layin shayi da safe, ya fito da murya ta ɗaya a bakinsa. Ya tsaya gaban matan ya zuba musu. Daga nan ya juya ga 'yan murya ta biyu, nan take nasu kason ya fito daga maƙogwaronsa, da ɗuminsa. Haka na uku, haka mu. In mako ya zagayo sai ya ce, "To, ku tuna mini abin da na ba ku." Muna dariya, muna tsammanin gwada mu yake yi.

A shekararsa ta shida aka yi abin da ya canza mana komai. Muka je gasar mawaƙa a Tukuyu da sabuwar waƙa, wadda muka yi wata huɗu muna gogewa. Mawaƙan wani coci na ƙetaren rafi su ne suka hau kafin mu. Suka buɗe baki, sai ga waƙarmu, da muryoyinta huɗu, ba abin da ya ɓace. Muna zaune muna jin kayanmu a bakin wasu. Ashe wani saurayi cikin 'yan murya ta uku, Ulimboka, yana neman wata yarinya a can, kuma ba shi da abin burge ta sai waƙa. Ya rera mata tasa, ya rera mata ta kowa. Muka dawo gida a bayan motar ayaba.

Mwalimu bai kori Ulimboka ba. Har shi ya raka shi neman auren yarinyar. Amma ya kafa doka: daga yau ba wanda zai san waƙa gaba ɗayanta. 'Yan murya ta ɗaya su koya a gindin mangwaro. Na biyu a gindin fiya. Na uku a cikin kurmin gora. Mu kuma bayan garken shanun coci, wai mu da su sai a hankali ake bambancewa. Ranar Asabar da la'asar kawai muke haɗuwa a cikin coci, kuma a lokacin kowa ta kansa yake, yana riƙe da nasa kason kada na kusa ya ja shi. Duk wanda aka kama yana gunagunin kason wani, shi zai ɗebo ruwan goge coci na wata guda.

Mama Tumpale, shugabar murya ta ɗaya, mijinta ɗan murya ta huɗu ne kafin ya rasu. Ta taɓa tare Mwalimu a bakin coci.

"Mwalimu, mutumin nan 'ya'ya bakwai na haifa masa. Yanzu in ina wanki ina waƙa sai ya toshe kunne?"

"Ya fita ya duba shanu."

"Ba mu da shanu."

"Ya duba na maƙwabta."

Dokar ta yi aiki, kada a ce ban faɗa ba. Ba a sake sace mana ko layi ɗaya ba. Sau bakwai muka ɗauko garkuwar gasa. Mun kai mutum arba'in, waƙoƙinmu sun haura ɗari biyu, kowace a rabe gida huɗu. Ni nan da kuke gani na san ƙasan waƙa ɗari biyu, ban san saman ko ɗaya ba. Nakan yi tunanin mutumin da ya san daɓen kowane ɗaki a gari amma bai taɓa ɗaga kai ya ga rufi ba.

Zamanin kaset wani mutum ya zo daga Dar es Salaam da farar mota. Ya saurare mu a sujada, ya kama hannun Mwalimu ya ƙi saki. Ina wurin.

"Mwalimu, mutum takwas nake so, masu jini a jika. Ka zo da su birni, muryarka ta shiga kowace mota a ƙasar nan. Sauran ka bar su da nomansu."

"Su arba'in ne."

"Motata ba ta ɗaukar arba'in."

"To ka dawo ranar da ka sayi babba."

Bai dawo ba. Shekara da shekaru in Mama Tumpale ta ga Mwalimu yana tsinkar shayi cikin ruwan sama sai ta ce, "Da ka bi mai farar mota, da yanzu tumbinka ke shiga coci kafin kai." Shi kuma ya ce, "Da wa zai riƙa jin tsegumin murya ta ɗaya?"

Sai shekarun ciwon nan da ya kwashe mana samari, lokacin da ake binne mutum huɗu a mako, mutane na tsoron ko kofin gidan mamaci. Wanda ya ga wannan lokaci ba ya son a tuna masa. Mwalimu bai bar kabari ɗaya ba waƙa ba. Akwai wata mai sayar da giya a bakin hanya da dattawa suka ce ba ruwan coci da gawarta. Ya kwashe mu ya kai mu. 'Yar'uwarta ta kawo ruwa a kofin roba, alhali ta san ba mai karɓa. Ya karɓa ya shanye, ya ce a ƙaro. Mutum tara ciwon ya ɗauke mana daga cikin mawaƙa, biyar daga murya ta uku, don su ne samarin da ke bin manyan motoci zuwa Tunduma.

Kai ne ka tsaya a bakin ramukan nan, Mwalimu, lokacin da ƙafafunmu ke son gudu. Kai ne ka ɗaga hannu a kan gawar yaran da ka koya wa numfashi, hannun bai yi rawa ba sai bayan an rufe ƙasa. Na gani, don mu 'yan baya muna ganin abin da na gaba ba sa gani.

Kurmin gora bai sake cika ba. Wasu suka tafi birni, wasu tsufa ya kwantar. Ana cikin haka kibod ya shigo coci, akwatin nan da in an danna masa maɓalli ɗaya sai ganguna su tashi ba makaɗi. Gwakisa ne ya kawo shi, ɗan ɗaya daga cikin biyar ɗin da muka binne, yanzu magidanci ne mai 'ya'ya uku. Matasa suka bi shi, ba laifinsu ba ne, waƙarsu da rawa take tafiya. Dattawa suka mayar da mu sujadar sassafe. Daga nan sau ɗaya a wata. Daga nan sai jana'iza kawai. Fasto ya ce, "Mwalimu, zamani ne." Ya ce, "Na gani, Baba Fasto." Lahadi ta gaba mutane suka ga Mwalimu da lasifikar matasa a kafaɗa, yana tayar musu da ita kan dandamali. Muka ji haushi. Ya ce mana, "Mai nauyi ce, kuma yaran suna azumi." Ƙarya ce, ba wanda ke azumi.

Shekara uku ke nan da wani ƙari ya fito masa a maƙogwaro. Likitoci a Mbeya suka cire, suka ceci ransa, Allah ya saka musu. Muryar ce ba ta dawo tare da shi ba. Asabar ta farko bayan dawowarsa muka jeru, mu goma sha ɗaya da muka rage. Ya ɗaga hannu, ya buɗe baki zai ba mu sautin farawa kamar kullum. Iska ce ta fito. Ya sake. Iska. Mama Tumpale ta sunkuyar da kai ta ba da sautin da kanta, kamar dama aikinta ne.

A nan ya fara bin gidaje. A nan kuma ya ƙirga mu ya ga abin da mu ba mu lura da shi ba. Murya ta uku mutum ɗaya ya rage mata: Ulimboka, wanda ya ba da waƙarmu don aure, yanzu tsoho ne mai ciwon ƙirji.

Da daminar bana Ulimboka ya kwanta a gidan 'yarsa. Mwalimu ya tara mu a gindin mangwaro, wurin da ƙafata ba ta taɓa tsayawa ba ranar koyo. Ya raɗa wa Mama Tumpale, ita kuma ta faɗa mana.

"Wai dokar ta mutu. Wai kowa ya koyi na kowa." Ta juya ta dube shi. "Yanzu, Mwalimu? Da haƙoranmu suka zube?"

Gwakisa ya ji labari ya zo da kansa, hula a hannu.

"Mwalimu, ba sai an wahalar da Baba Ulimboka ba. Ai kai ka yi waƙoƙin. Ka zauna gaban kibod ka lalubo murya ta uku da yatsa, ni zan ɗauka a waya. Muryar babana ce, ina so."

Mwalimu ya zauna gaban akwatin da ya kore shi, tun hantsi har la'asar. Murya ta ɗaya ta zo, yatsa ɗaya ya lalubo ta. Ta uku ta ƙi. Zai danna, ya girgiza kai, ya sake dannawa. Da yamma ya yafito ni, ya kama kunnena.

"Ba ta cikin kaina, Nsajigwa. Ban taɓa riƙe ta ba. A maƙogwaro take fitowa, in ba su, su ajiye mini."

Sai a ranar na gane cewa "ku tuna mini" ba gwaji ba ne. Shekara arba'in mu ne littafinsa, kuma shi da hannunsa ya yaga littafin gida huɗu ya hana shafi ya ga shafi.

Muka koma gidan 'yar Ulimboka. Kowace rana bayan abincin rana, mu huɗu: Mwalimu da sandarsa, Mama Tumpale, Gwakisa da wayarsa, da ni. Mama Tumpale dole ce, don Ulimboka ba ya iya tuna kasonsa shi kaɗai. Sai ya ji murya ta ɗaya tana tafiya, sannan tasa ta taso ta bi gefenta. Ni kuma an ɗauko ni in koya, don a cikinmu uku 'yan murya ta huɗu ni ne muryata ke ɗan ɗagawa. Gwakisa ya taɓa kawo biyu daga mawaƙansa. Suka zo sau biyu, suka zauna da ladabi, ba su sake dawowa ba.

Ɗakin na warin man zafi da dafaffen wake. Za a jingina Ulimboka da buhun masara. Sanda sau uku. Ya yi layi biyu, tari ya sarƙe shi, a jira, a ba shi ruwan ɗumi, a koma farko. Waƙa ɗaya sai ta ci kwana uku, wata huɗu. Ni kuma in bi shi layi ɗaya lafiya, a na biyu in ji ƙafata ta zame, sai ga ni a ƙasa, a tsohon gurbina, ina gurnani.

"Nsajigwa," in ji Ulimboka, "na ce ka hau bishiya, kai kana haƙa rami."

"Shekara talatin da biyar a bayan shanu, me kake so ya zama?" in ji Mama Tumpale.

"Ku ba ni saniyar ma, wataƙila ta fi shi kunne."

Muka yi dariya har tari ya sake kama shi. Akwai wata tsaka a bangon ɗakin da ke fitowa duk lokacin da aka fara, ta tsaya cak sai an gama. Na so in nuna musu, na ga ba lokacinsa ba ne.

Wata rana bayan an sha wuya a kan wata waƙar Ista, Ulimboka ya kwanta yana haki, idonsa a rufin kwano.

"Mwalimu, duk wannan ni na jawo. Da ban kai wa uwar yaran nan waƙa ba, da ba ka raba mu ba."

Mwalimu ya matsa ya sunkuya a kansa. Ɗakin ƙarami ne, dukanmu muka ji raɗar.

"Waƙar da ka kai ƙetaren rafi, har yau suna rera ta, da muryoyinta huɗu. Jikokinsu sun iya. Ita kaɗai ce tawa da za ta rayu. Kai ɗaya ka bayar. Ni ɗari biyu na ɓoye."

Gwakisa ya yi kamar yana gyara waya.

Cikin mako biyar muka fitar da waƙa tara. Tara, daga cikin fiye da ɗari biyu. Mwalimu ya so ta goma ta zama waƙar rakiya, wadda muke yi in ana saukar da gawa. Ya raɗa kalmominta na farko. Ulimboka ya buɗe ido ɗaya.

"Wannan ta binnewa ce. Sauri kuke yi? Ku bar ta sai mako mai zuwa, in ga ko ina bukata."

"Kai dai rowa," in ji Mama Tumpale. "Da kana saurayi ka rabar, yanzu ka tsufa ka ƙulle."

"Wancan lokacin an biya ni da mata. Ke me kika kawo?"

Ranar Lahadi da safe, ana buga ƙararrawar sujada ta biyu, Ulimboka ya cika.

Aka haƙa masa a bayan gidansa, cikin ayaba, kusa da kabarin matarsa. Mwalimu ya ce waƙar rakiya za a yi. A cikinta akwai wurin da mata ke tambaya, "Wa zai raka ni ƙetare?" Sai kowa ya yi shiru, murya ta uku ita kaɗai ta amsa, "Ni ne, taso mu tafi." Sannan duka mu shigo. Wannan layin ba ɓoyayye ba ne. Shekara talatin muna jin sa a fili a bakin kowane kabari, babu wanda bai san shi ba. Kafin mu fita Mwalimu ya bi mu ɗaya ɗaya yana raɗawa: in an zo wurin, duk wanda ya iya ya ɗauka, mace ko namiji. Ni ya riƙe mini hannu ya daɗe. Na ce masa kada ya damu.

Ana yayyafi. Muka jeru yadda muka saba, mata a dama, mu a ƙarshe, tsakaninmu da su fili mai faɗin mutum biyu. Ba wanda ya ce a bar filin, ƙafafunmu ne suka bar shi. Samari suka kama igiya. Aka fara. Matan suka kai wurin, muryar Mama Tumpale a sama, ta tsufa amma ba ta karkace ba.

"Wa zai raka ni ƙetare?"

Hannun Mwalimu ya juya hagu, kamar kullum, ya nuna filin.

Layin yana bakina. Na ja numfashi. Sai na ji ina jira. Jira nake wani ya amsa, yadda na yi shekara talatin ina jira, don in shigo a bayansa. Na dubi matan, su ma jira suke. Mu goma, kowa da layin a kan harshe, kowa yana jiran mutumin da ake saukarwa cikin rami. Ana jin yayyafi a kan ganyen ayaba, ana jin igiya tana gogar bakin ƙasa. Mwalimu ya buɗe baki. Waɗanda ke kusa suka ji iskar, ba sauti, sai siffar kalmomin. Hannunsa bai tsaya ba. Ya ƙirga bugu huɗun layin cif, a kan babu, sannan ya ɗaga mu duka, muka shigo daidai, ba wanda ya makara.

Baiti uku ne da waƙar. Sau uku aka yi tambayar.

A hanyar komawa na bi bayansa ina jin kunyar haɗa ido. Wajen gadar katako ya tsaya ya jira ni, ya kama kunnena.

"Me ya hana ka?"

"Ba kasona ba ne, Mwalimu."

Ya daɗe yana kallon ruwa. Sannan ya gyaɗa kai.

"Na koyar da ku da kyau."

Tun daga ranar nake tunanin inda muryar ta tafi. Sauran ukun suna nan a bakinmu, amma in mun rera sai ka ji iska na shiga ta tsakiya. Waƙoƙin ba su mutu ba, ba kuma su da rai. Gwakisa ya ce zai iya ƙirƙiro wata murya ta uku da kibod ya cike gurbin. Mwalimu ya ce ya yi, ya sa masa albarka. Ya yi guda biyu, suna da daɗi. Ba su ba ne.

An ce in yabe ka, Mwalimu Anyitike, ga shi na tona kuskurenka a gaban mutane. Kai ka ce in rubuta shi, ka ce in ban sa shi ba kada in sa sunanka. To na sa. Amma bari in faɗi nawa. Kai ne ka ajiye jita don wani tsoho ya roƙe ka, ka bar birni don mutum talatin da biyu da mota ba ta ɗauka, ka ɗauki lasifikar waɗanda suka gaje ka tun kana raye. Duk lokacin da aka karɓe maka wani abu, washegari ka fito aiki. Da aka karɓe muryar ma ka fito. Makiyayin muryoyi, ban san abin da Ubangiji zai ce game da waƙa ɗari biyun nan ba, ni ba fasto ba ne. Na san dai babu gida a Kisyelo da ba ka tsaya a bayansa cikin ruwa ka raka wani nasu ba. Mun gode. Bargo da kujera ba su kai ba, mun sani, mun gode.

Ku kuma masu koyar da mawaƙa a ko'ina kuke, da masu kibod, da masu sassaƙa, da duk mai wani abu a kai wanda ba ya takarda: ku yi koyi da tashinsa da sassafe, da haƙurinsa ranar da aka ce ya matsa. Abin da ke hannunku kuwa ku bayar da shi dukansa, ga duk wanda ya tsaya saurare, tun maƙogwaro na aiki. Wannan ba maganata ba ce, tasa ce, ni murya kawai na ara masa.

Ranar sallamar an ba mu waƙa ɗaya kafin wa'azi. Mu goma ne. Ina roƙon abu guda. In akwai namiji a cikinku da muryarsa ke tsakanin ta mata da tamu, ko daga ina yake, ko bai taɓa jin waƙar ba, ya zo da wuri ya tsaya a hagun Mwalimu. Ba sai ya iya ba. Ya tsaya kawai, don in hannun nan ya juya karo na ƙarshe, ya sami mutum a wurin.